Daga Burmi Zuwa Maraɗi: Yaushe Ɗan Gudun Hijira Yake Daina Zama Baƙo?

 Ga rubutun shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda suka ce datarsu ba ta kai su saurari murya ba, da masu son karantawa a nutse. Na ɗan gyara wasu wurare, amma yawanci yadda na faɗa haka na rubuta.

Bari in fara da wata tsohuwa da muka tashi muka gani a unguwarmu a nan Kafin Hausa, Allah ya ji ƙanta. Duk sanda aka yi zancen aikin Hajji sai ta ce ai ita ma tana da dangi a gabas. Wai ƙanen kakanta ne ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa da jakuna biyu ya nufi Makka a ƙasa, bai sake dawowa ba, kuma labari na ƙarshe da aka samu shi ne yana tsinkar auduga a Sudan. Mu kuwa dariya muke yi, mun ɗauka tatsuniya ce irin ta tsofaffi. Sai da na shiga jami'a na fara 'yan karance-karance sannan na gane Iya gaskiya take faɗa, kuma gidajen da ke da irin wannan labarin a ƙasar Haɗeja da Katagum da Kano suna da yawa.

Abin da ya sa na tuno da ita shi ne tambayar da za mu tattauna yau. In mutum ya gudu daga ƙasarsa ya shiga wata, yaushe yake daina zama baƙo? Shekara goma? Hamsin? Ko sai kan jikokinsa? Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, da rana ta ɗaga ba za ka gan shi ba. To amma akwai baƙin da suka shekara 120 ba su tafi ba, har yau kuma ana tambayarsu daga ina suka zo. Na duba tarihinsu, na duba halin da 'yan uwanmu suke ciki yanzu a Maraɗi da Difa da Minawawo, sai na ga abu biyu ne ke raba gardama a ko'ina: takardar da ke ɗauke da sunanka, da ajin da ɗanka zai zauna.

Mu koma 1903. Ranar 3 ga Fabrairu Kano ta faɗa hannun Turawan Ingila, ranar 15 ga Maris aka yi na Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Ɗaya ya ƙi zama a ƙarƙashinsu, sai ya yi abin da kakan babansa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya yi a 1804 da ya bar Ɗegel zuwa Gudu, wato hijira. Dama akwai tsohon zance a cikin jama'ar Shehu cewa wata rana za su yi ƙaura zuwa gabas, wajen Kogin Nilu. Da Attahiru ya ɗau hanya sai mutane suka yi ta biyo shi. Malamai, sarakuna irin su Sarkin Misau Ahmadu, manoma da suka bar gonaki ana dab da shuka, mata da goyo, kowa da ɗan ƙunshinsa. In da yau ne, da gidajen rediyo sun kira su 'yan gudun hijira, don ainihin abin da suke ke nan: mutanen da yaƙi ya kora daga gida.

Turawa ba su ƙyale su ba. Suka bi su har Burmi, a cikin jihar Gombe ta yanzu, inda ranar 27 ga Yuli 1903 aka kashe Attahiru tare da mutum sama da 600. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, ya tsira, ya ja ragowar jama'a suka ci gaba da tafiya, suka ratsa ƙasar Cadi har suka shiga Sudan. Wajen 1906 suka sauka a bakin reshen Nilu da ke gangarowa daga Habasha, wanda ake kira Bulu Nayil, kudu da birnin Sannar kaɗan. Garin da suka kafa har yau sunansa Mai Wurno. Ku lura da shekarar, don ta shafe mu. A cikin 1906 ɗin nan ne, ranar 25 ga Afrilu, aka yi yaƙin Haɗeja, inda Sarki Muhammadu ya yi shahada. Kenan lokacin da kakanninmu ke binne gawarwaki a Haɗeja, 'yan uwansu na can suna kafa bukkoki a bakin Nilu.

Bayansu wasu suka yi ta bi, galibi da niyyar Hajji a ƙasa, irin ƙanen kakan Iya. Tafiya ce ta shekaru. Guzuri ya ƙare, a tsaya a yi noma ko ƙwadago, a tara, a ƙara gaba. Su ma Turawan Ingila da ke mulkin Sudan a lokacin sun ji daɗin zuwansu, don suna neman ma'aikata ruwa a jallo. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sannar, aka buɗe katafaren aikin noman auduga na Jazira don ciyar da masaƙun Ingila. Wa zai yi shuka da cira da tsinka? Mutanenmu na cikin waɗanda suka ɗauki wannan nauyin. 'Yan Sudan suka haɗa Bahaushe da Bafulatani da Babarbare suka ba su suna ɗaya, Fallata. Da yawansu sun zauna a unguwannin lebura da ke gefen gonaki, waɗanda ake kira kambo. Gonar ta wani ce, filin da bukkarka ke kai ma na wani ne, don haka ba ka cikin lissafi in an zo rabon makaranta ko asibiti ko rijiya.

A nan sai mu faɗi gaskiya gaba da baya. Su kansu iyayen farko ba su nemi boko ba. Mutumin da ya gudo wa Nasara tun daga Sakkwato a ƙafa, ya binne 'yan uwansa a hanya, ba zai kama hannun ɗansa ya kai shi makarantar Nasara a Sannar ba. Sun riƙe makarantar allo, wadda a can ake kira khalwa, sun kuma yi fice a karatun Alƙur'ani. Ita kuma gwamnati ba ta damu ba, don lebura take so. Kowa ya ɗauka zaman na ɗan lokaci ne. Wani masani mai suna Bawa Yamba ya yi bincike a cikinsu, ya fitar da littafi a 1995, inda ya nuna akwai waɗanda aka haife su a Sudan, aka haifi iyayensu da kakanninsu a Sudan, amma har lokacin suna kiran kansu alhazai da ke kan hanyar Makka. Baƙo yana cewa gobe zan wuce, mai masauki yana cewa gobe zai wuce, shekaru suna ta tafiya, yara suna girma ba aji.

Sai ranar da aka zo rubuta wane ne ɗan ƙasa. A 1948 aka yi dokar da ta fayyace wane ne ɗan Sudan, bayan samun 'yanci a 1956 kuma aka yi dokar zama ɗan ƙasa ta 1957. Duka biyun sun kafa rana ɗaya: sai in kai ko kakanninka ta wajen uba kuna zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Ku yi lissafi da kanku. Yaƙin Burmi 1903 ne, saukarsu bakin Nilu wajen 1906. Kenan mutanen Mai Wurno sun makara da shekara tara kacal, kuma wannan shekara taran ta bi 'ya'ya da jikoki. Ranar nan an zaɓe ta ne don ta zo kafin Turawa su ci Sudan a 1898, wato duk wanda ya shigo a zamanin Turawa baƙo ne. Abin takaicin shi ne waɗannan mutanen Turawan ne suka koro su.

Me wannan ke nufi a rayuwar yau da kullum? Akwai takardar da suke kira jinsiyya, shaidar zama ɗan ƙasa. In ba ka da ita ba fasfo, ba aikin gwamnati, karatu mai zurfi ma sai ya gagare ka. Kuma iri biyu ce: ta haihuwa, da ta wanda ya nema aka ba shi. Bafallace da aka haifa a Gadarif ko Kasala yakan sha tambayoyi da neman shaidu kafin ya samu, wani lokacin kuma a ba shi ta biyun, wadda ke tuna masa kullum cewa alfarma aka yi masa. Yanzu ka ɗauki yaro mai ƙwaƙwalwa a kambo. Makaranta tana nesa. In ya daure ya je ya gama, takarda ta tsayar da shi. Ƙanensa yana kallo, sai ya ce to wahalar me zan yi? Haka rashin ilimi ke zama gado, daga baya kuma a juyo a ce ai su Fallata ba sa son karatu.

Kar a ce na yi wa Sudan rashin adalci. Ƙasar ta ba mutanenmu wurin zama lokacin da ba su da ko'ina. Da yawa sun samu takarda, sun yi karatu, sun zama malamai da 'yan kasuwa da ma'aikata. Mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Omdurman, a farkon shekarun 1940, ita ce A'isha Fallatiya, kuma sunan nata ma ya gaya maka asalinta. Dokar ma an sassauta ta daga baya, an matso da ranar zuwa 1924, sannan zuwa 1956. Sai dai abin da aka shekara da shekaru ana dasawa a zukata ba ya fita da gyaran doka. A 2008 wata jaridar Khartum ta ruwaito Shugaba Umar al-Bashir yana cewa Hausawa ba 'yan Sudan ba ne. An musanta maganar daga baya, amma sai da aka yi zanga-zanga a Gadarif da wasu garuruwa. A watan Yuli 2022 kuma, da Hausawan jihar Bulu Nayil suka nemi a ba su masarautarsu ta gargajiya, wadda a can ita ce ke da ta cewa kan filaye, aka ce baƙi ba su da ƙasa. Rikici ya ɓarke a wajajen Damazin da Rusairis, aka kashe sama da mutum 100, dubbai suka bar gidajensu. A watan Oktoba aka sake yin wani. Jikokin 'yan gudun hijirar 1903 suka sake ɗaukar ƙunshi.

Sauran kun san shi. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Muna nan muka ga hotunan ɗalibanmu, har da 'yan Jigawa da ke karatun likita, sun maƙale kwana da kwanaki a kan iyakar Masar. Sun sha wuya ƙwarai, amma suna da koren fasfo a aljihu, don haka a farkon watan Mayu jirage suka fara sauke su a Abuja. Yaron Mai Wurno, mai jin Hausa kamar ni da kai, ba jirgin da zai zo dominsa. A watan Oktoba na shekarar, UNICEF ta ce yara miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan, a tsakiyar 2024 kuma yaƙin ya iso jihar Sannar kanta.

To wani zai ce ai wancan zamanin ba doka, yanzu kuwa akwai. Haka ne, akwai. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 kan 'yan gudun hijira, wadda Najeriya da Nijar da Kamaru da Sudan duk suka shiga, ta ce kar a mayar da mutum inda rayuwarsa ke cikin haɗari, a ba shi takardar shaida, a kuma sauƙaƙa masa zama ɗan ƙasa gwargwadon iko. A 1969 ƙasashen Afirka suka yi tasu a Addis Ababa, wadda ta faɗaɗa ma'anar ɗan gudun hijira ta haɗa da duk wanda yaƙi ko mamaya ko rugujewar zaman lafiya ta kora. Amma ku saurari abin da sashe na 22 na yarjejeniyar 1951 ya ce kan ilimi. A firamare, a yi wa yaron daidai da ɗan ƙasa. Daga nan zuwa sama kuwa, abin da aka wajabta shi ne kar a yi masa ƙasa da yadda ake yi wa sauran baƙi. Kun ga inda ƙofar ta fara tsukewa.

Alƙaluman ma haka suka nuna. A rahoton da hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNHCR, ta fitar a 2024, kusan rabin yaran 'yan gudun hijira da suka isa shiga makaranta ba sa zuwa. A firamare kashi 65 cikin 100 ne ke shiga, a sakandare ya sauko kashi 42, a jami'a da sauran manyan makarantu kuwa kashi 7. Wato a cikin matasa 100, bakwai ne kawai ke ganin ƙofar da ni da yawancin masu karanta wannan rubutun muka shiga.

Yanzu mu dawo kusa da gida. Tun 2019, da ta'asar 'yan bindiga ta tsananta a Sakkwato da Zamfara da Katsina, dubun-dubatar mutane, akasarinsu mata da yara, suka tsallaka jihar Maraɗi, musamman yankunan Gidan Runji da Madarumfa. Kafin wata ƙungiya ta iso, talakawan ƙauyukan ne suka buɗe musu ɗakuna da rumbuna, don dama dangi ne, kasuwa ɗaya ake ci, ana auratayya. Gwamnatin Nijar ta karɓe su a matsayin 'yan gudun hijira, aka kuma kwashe wasu daga bakin iyaka zuwa garuruwa irin su Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori, inda ake so su zauna tare da 'yan gari, su sha rijiya ɗaya, yaransu su shiga makaranta ɗaya. Wannan dabara ce mai kyau, ta fi a killace mutane a sansani. Kuma ga wasu yaran, a nan ne suka fara ganin allon aji a rayuwarsu, don a ƙauyukan da suka baro ma ba malami. Wannan abin kunyarmu ne, ba na Nijar ba.

Amma ka ɗauki yarinyar da ta kai aji biyar a Sabon Birni ko Jibiya. A kasuwar Gidan Runji ba wanda zai gane baƙuwa ce, Hausarsu ɗaya. Tana shiga aji sai iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta tsaya a gabanta, domin ita da Ingilishi ta fara, nan kuwa Faransanci ake yi. Ko dai a mayar da ita ajin farko ta zauna da ƙannenta, ko ta haƙura. 'Yar shekara goma sha biyu ba ta son zama da 'yan shekara shida, sai a ce to ta zauna a gida, daga nan sai talla, sai aure. In ta daure ta bi tsarin Nijar har ta samu BEPC, ranar da aka koma gida wa zai karɓi takardar, a wane aji za a sa ta? Ita kanta mai masaukin fama take yi. Ku tuna a watan Nuwamba 2021 gobara ta kama azuzuwan zana a wata makaranta a birnin Maraɗi, yara aƙalla 25 suka rasu. Ƙasar da 'ya'yanta ke karatu a rumfar kara ita ce muka ƙara wa dubban yara.

A Difa, inda mutanen Borno da Yobe suka fara tsallakawa tun 2013 saboda Boko Haram, an gwada wata hanya. An buɗe cibiyoyi inda 'yan sakandare ke bin manhajar Najeriya da Ingilishi, har aka riƙa kawo wasu Kano su rubuta jarrabawa. Ya taimaki waɗanda suka samu shiga, sai dai irin wannan aiki da kuɗin agaji yake tafiya, ranar da masu bayarwa suka juya baya sai ya tsaya cak. A Kamaru kuma akwai sansanin Minawawo, kusa da Mokolo, da aka buɗe a watan Yuli 2013, wanda ya kai yana ɗauke da mutum sama da 70,000. Jaririn da aka haifa a can shekarar da aka buɗe shi yanzu ya isa shiga sakandare, bai taɓa taka Najeriya ba. Waɗanda ba su kai ga sansanin ba kuwa sun fi shan wuya. A 2017 ƙungiyar Human Rights Watch ta ce tun 2015 sojojin Kamaru sun tasa ƙeyar 'yan Najeriya aƙalla 100,000 zuwa gida da ƙarfi, alhali yaƙin bai ƙare ba.

Ga kuma maganar takarda, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkinmu ya ce ɗan da aka haifa a waje ɗan Najeriya ne matuƙar uwarsa ko ubansa ɗan Najeriya ne. Madalla. Amma da me zai tabbatar? Uban an kashe shi a gona, uwar ta fito da zanen jikinta kawai, ita ma ba ta taɓa mallakar takardar haihuwa ba. Haihuwa a ƙasar Nijar kaɗai kuma ba ta mayar da yaro ɗan Nijar. In ba a yi masa rajista yanzu ba, nan da shekara goma sha biyar zai zo neman lambar NIN, wadda tun 2021 ba a rubuta JAMB sai da ita, a ce masa ai kai Banijare ne. Ya koma can a ce masa ai kai ɗan Najeriya ne. Abin da ya faru da jikokin Mai Wurno ke nan, sai dai wannan karon a gabanmu ake shuka shi, tafiyar 'yan awoyi daga Maigatari.

Kafin mu nuna wa wasu yatsa, mu dubi kanmu. A watan Janairu 1980 gwamnatin tarayya ta ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, ta kai shi Cadi ta ajiye, wai ba ɗan ƙasa ba ne. Sai da kotu ta dawo da shi. In an yi wa ɗan majalisa haka, ina ga marayan da ya dawo daga Difa? Sannan mu ma muna da tamu 1897 ɗin, ita ce takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Sashe na 42 na kundin tsarin mulki ya hana nuna bambanci saboda asalin mutum, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro. Amma tallafin karatu da gurbin jami'a da aikin gwamnati, duk sai an tambaye ka garin kakanka.

Na ga wannan da idona. Akwai lokacin da muke koyar da yara darasin yamma kyauta a wani gari a yankinmu, ba zan faɗi sunansa ba. Cikin ɗalibanmu akwai wata yarinya da iyayenta suka gudo daga arewacin Borno tana 'yar shekara bakwai. A doka ita ba 'yar gudun hijirar ƙetare ba ce, tunda ba ta tsallaka iyaka ba, 'yar ƙasa ce a cikin ƙasarta. A nan ta yi firamare da sakandare, Hausarta irin tamu ce sak, lissafi kuwa ta fi ni. Da ta zo neman tallafin karatu aka ce ta kawo takardar asali. Ta je wani ofishi, aka ce ta koma garinsu ta karɓo. Garin da ta baro tana goye da ƙanenta, wanda har lokacin ba mai iya kwana a cikinsa. Na bi ta ofishin sau biyu, amsar ba ta canja ba. Da na je gidansu in ba da haƙuri, mahaifiyarta ta ce min, "Malam, kar ka wahalar da kanka, mu dama baƙi ne." Shekararsu goma a garin a lokacin. Wallahi maganar nan ta fi amsar ofishin ci min rai, don na ji muryar mutanen kambo a cikinta.

To me za mu yi, mu da ba gwamna ba, ba minista ba? Na farko, rajistar haihuwa. Duk wanda ya san gidan da suka gudo daga Borno ko Yobe ko Zamfara a unguwarsu, ya tambaya ko yaran suna da takarda, in babu ya raka uwar ofishin hukumar ƙidaya. Aikin yini ɗaya ne, amma zai iya tsare yaro daga wahalar shekara talatin. Na biyu, mu matsa wa 'yan majalisarmu na Dutse su yi tsarin da yaron da ya yi firamare da sakandarensa a Jigawa zai ci tallafin karatun Jigawa, ko daga ina kakansa ya fito. Na uku, gwamnatin tarayya da jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina su daina yi kamar mutanen da ke Maraɗi sun fita daga lissafinsu. A zauna da Nijar, duk da tsamin dangantakar da aka samu tun juyin mulkin 2023, a amince da takardun makarantun juna, a tura jami'an rajista, a buɗe cibiyoyin jarrabawa. Tunda a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, me zai hana a fara wa yaran nan karatu da harshen da ɓangarorin biyu ke ji? Na huɗu kuma ga mu ɗalibai da waɗanda suka gama: muna da jami'a a nan Kafin Hausa, muna da ta tarayya a Dutse. Awa biyu a mako na koyar da yaran da suka rasa shekarun karatu ba zai kashe kowa ba.

Mu da ambaliya ke kora daga gidajenmu mu kwana a azuzuwan firamare, kamar yadda aka yi a 2022, mun san ba wanda ke barin gida don marmari. Bambancin kawai shi ne mu ruwa yana janyewa mu koma. Iya ta rasu ba ta san ko jikokin ƙanen kakanta sun samu jinsiyya ba, ko sun yi karatu, ko suna cikin waɗanda aka kora a 2022. Ni ma ban sani ba, kuma babu hanyar da zan bi in sani, don ba wanda ya rubuta sunayensu.

In a gidanku akwai labarin wanda ya tafi gabas bai dawo ba, ko kuna da 'yan uwa a Maraɗi ko Difa ko Minawawo, ku rubuto mana yadda karatun yaransu yake, ba sai kun faɗi suna ba. Za mu karanta wasu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.